Fijo da Jangwada

Alhaji Abdussalam na Tudun Marke ya rasu a farkon bazara, ya bar gida, gonaki, da motoci biyu. Gidan da gonakin ba su ba kowa wahala ba. Liman ya zo da igiya da shaidu, aka auna, aka fitar wa kowa kasonsa, maza da mata, aka shafa fatiha. Motocin ne suka rage. 'Yan'uwa mata suka ce ba ruwansu da ƙarfe, an riga an cika musu da ƙasa. Saura 'ya'ya maza biyu: Khalilu, babban, ma'aikacin gwamnati a Kano, da ƙanensa Iliyasu, wanda ya zauna a gida yana noma, ranar kasuwa kuma yana dillancin shanu a karar Ɗanbatta.

Mota ta farko Fijo ce 404, mai launin toka, wadda Alhaji ya saya tun zamanin da yake awon gyaɗa. Ƙofa huɗu gare ta, giyarta a jikin sitiyari. Babu gida a Tudun Marke da ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko alhazai daga filin jirgi, ta sha ɗaukar buhun taki a but da akuya a kan cinyar mai ita. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta hagu sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Amma ana murɗa makulli take amsawa.

Ta biyun ba wanda ya iya faɗin sunanta daidai, sai yara suka sa mata Jangwada, saboda ja ce, cikinta kuma a ƙasa yake kamar na ƙadangare. Wani Bature injiniya ne ya zo da ita lokacin aikin madatsar Watari, tun a lokacin ma tsohuwa ce. Da zai koma ƙasarsu Alhaji ya saye ta, bisa dalilin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Kujera biyu ce kacal a cikinta. Rufinta tamfol ne da ake naɗewa baya, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke, hancinta ya kusa fin sauran jikinta tsawo. A kan kwalta, an ce, babu abin da ke kamo ta. Amma daga kwalta zuwa Tudun Marke burtali ne mai yashi, wanda amalanken shanu suka rarake gefensa biyu suka bar tudu a tsakiya, tudun nan kuwa kankare mata ciki yake yi duk ranar da ta bi. Da salansarta ta sake faɗuwa a hanya, Alhaji ya sa aka ɗora ta a kan duwatsu a rumfar bayan gida. Kaji suka gaje ta tun yana da rai.

Iliyasu ya san wadda yake so, kuma ba maganar sha'awa ba ce. Shekarun nan ne da rediyo ke kira na tsuke bakin aljihu. Cuta ta fara kwashe shanu, sannan ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Karar da a da mutum ba ya jin muryar kansa saboda kukan dabbobi, yanzu dillalai sun fi shanun yawa, suna zaune a inuwa suna kallon juna. Rumbunsa ya sauka har sai an shiga ciki gaba ɗaya kafin a taɓo dami. Damina da saura, kaka kuwa ba a ma maganarta. Fijo ce kaɗai abin da ya hango zai iya riƙe gidan: ya sa ta haya, Makoda zuwa Ɗanbatta, Ɗanbatta zuwa Kano, a ci abin da ta kawo. In ta kuɓuce masa, sai dai ya sayar da gonar da aka auna masa kwanan nan.

Ya kuma san Khalilu ba wawa ba ne. Don haka ya yi shiri irin wanda yake yi wa kasuwa.

A kara akwai ƙa'idar da ba a koyar da ita da baki. Wanda yake son bijimi, kushe shi yake yi: ya ce tozonsa ya kwanta, ya ce yana ɗingishi, ya juya baya kamar zai tafi. Wanda ya cika yabon dabbarsa, neman rabuwa da ita yake. Mai kuɗin gaske kuwa da tsohuwar riga yake zuwa. Iliyasu a cikin wannan ya girma, da shi ya ci abinci, kuma a iya saninsa bai taɓa ba shi kunya ba.

Khalilu ya iso ranar Alhamis bayan la'asar. A motar haya ya zo, ya tako burtalin da ƙafa. Tun daga nesa Iliyasu ya lura da abu biyu: babu agogon nan mai ruwan zinariya a hannunsa, takalminsa kuma ya sha ɗinki. Ya ajiye su a ransa. Bayan gaisuwa da shan ruwa suka zagaya rumfar.

Iliyasu ya bugi tayar Fijo da ƙafa, ya yi tsaki.

"Wannan kam ta gama yayi, Yaya. Baƙin mai take sha kamar kunu. Ga ƙofa, ga tsatsa. Duk wanda ta faɗo wa ya ga ta kansa." Ya juya wajen Jangwada, ya share kashin kaji da gefen hannu. "Amma dubi wannan. Ta manyan ma'aikata ke nan. Ka shiga Kano da ita, ai sai a bar sana'a a tsaya kallo."

Khalilu ya ɗan yi murmushi.

"Iliya, bar wahalar da kanka. Ba abin da ya sami Fijo. Injinta lafiya lau, na sani, kai ma ka sani. Ka ɗauke ta. Kai ne a gida, kai ne kusa da Inna."

"Kai fa?"

"Ni a bar mini wannan tarkacen. Ba ta da amfani ga kowa, amma dole wani ya ɗauka, ni ne kuwa babba. Bambancin da ke tsakaninsu na yafe. Zan maimaita a gaban Liman."

Iliyasu ya zo da maganar da za ta kai su magariba, ga shi an gama da shi kafin ya gyara tsayuwa. Ya ce, "To, Allah ya saka da alheri." Khalilu ya amsa da amin. Sannan ya ɗora hannu a kan dogon hancin Jangwada, ya ɗan jima a haka yana kallon kujerar da babansu yake zama. Hannun nan Iliyasu ya bi da ido.

Matarsa Furera tana tankaɗe ya gaya mata. Ta ajiye rariya, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdu lillahi! Yaya Khalilu, Allah ya raya masa zuri'a. To kai kuma mene ne na ɓata fuska, Malam? Ka nema, an ba ka."

"An ba ni da sauri."

"Da so kake a ja maka rai?"

"Tun da nake a kara ban taɓa ganin wanda ya miƙo igiyar lafiyayyar saniya tun ba a taya ba."

"Nan ba kara ba ce. Yayanka ne, cikinku ɗaya."

"Tarkace ya kira Jangwada, Furera. Yana faɗa yana shafa ta."

"To sai me? Ni ma kullum sai na zagi tukunyar nan, kullum kuma da ita nake girki. Ka karɓi mota mu ci tuwo."

Wani abu ne ya dawo wa Iliyasu, wanda a lokacin bai ɗauke shi a bakin komai ba. A kwanakin zaman makoki wani mutum ya zo tare da Khalilu daga Kano, gajere, mai farin tabarau. Ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan su biyun suka zagaya baya. Iliyasu ya hango shi durƙushe yana leƙen ƙarƙashin Jangwada, yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa yana kasa kunne. Fijo tana nan gefe, ko kallonta mutumin bai yi ba.

Washegari ya shiga Ɗanbatta ya ɗauko Uwaisu bakanike, wanda suka yi makarantar allo tare, kuma shi ke gyaran Fijo tun Alhaji na da ƙarfinsa.

"Sarkin dillalai," in ji Uwaisu yana sauke jakar sifanu, "yau kuma haƙoran mota za mu duba?"

"Duba su duka biyu. Ka gaya mini tsakani da Allah."

Uwaisu ya buɗe gaban Fijo, ya sa aka tayar, ya ɗora tafin hannu a kan injin yana saurare. Ya zaro sandar gwajin mai, ya murza a yatsa, ya sansana.

"Wannan jaka ce. Ka ba ta fetur, ka ba ta ruwa, ta kai ka inda ka ce. Cikinta a sama yake, yashi ba ya ba ta tsoro. In wani abu ya karye, ko a gindin bishiya a Makoda za ka sami na canji, don babu garin da ba gawar 'yar'uwarta a ciki. Uku a gaba, huɗu a baya, buhu a but, kaji a sama. Me kuma mutum yake nema?"

"Waccan fa?"

Sai da suka kori kaji, suka kwashe ƙwai, kafin gaban Jangwada ya buɗu. Uwaisu ya yi fito.

"Kafireto biyu, ka gani? Da baki biyu take ci. A wannan zamanin da ake kwana a layin mai! Kujera biyu, ɗaya taka ce, ka ga fasinjanka guda ke nan, shi ma sai siriri marar kaya. But ɗinta ko ƙwaryar fura ba ta zama daidai. Kusoshinta ma ba irin namu ba ne, dubi, sifanata zamewa take. In wani abu ya mutu a nan, sai dai ka bi Baturen har gida."

"Amma ƙira fa?"

Uwaisu ya ja da baya, ya karkata kai, ya ƙare mata kallo daga hanci har wutsiya.

"Ƙira kam an yi ƙira. Wanda ya yi ta ba ya jin yunwa ranar da yake yin ta. An ce can ƙasarsu irin waɗannan tsufansu ne darajarsu, attajirai har rububinsu suke yi. Amma nan Tudun Marke ce, dillali. A nan kaza ce ta san amfaninta."

Iliyasu ya riƙe rabin maganar na farko, ya bar na ƙarshen ya wuce.

"Yaya ya biyo ta wajenka?"

"Ya biyo jiya, kafin ya ƙaraso nan. Ya ce in duba maka birkin Fijo kafin ka fara ɗaukar mutane. Ya ce in ka tambaye ni, in gaya maka gaskiya."

"Ya ce in na tambaye ka."

"Haka ya ce."

"Ashe ya san zan tambaya."

"Wa bai sani ba? Kai da ko ƙosai ka saya sai ka fasa ka leƙa cikinsa."

Iliyasu ya taya shi dariya. Da ya mai da shi gareji, a hanyar dawowa shi kaɗai, ya tuƙa a hankali yana sauraron injin. Babu tari, babu ƙara. Fijo lafiyarta ƙalau. Uwaisu bai yi ƙarya ba. Wannan ne ma ya fi damunsa. In mutum ya yarda ya saki lafiyayyar mota don ya sami wata, to waccan ta fi wannan ke nan, nesa ba kusa ba. Ya jera abubuwan a ransa. Mutum ya zo da tsohon takalmi. Ya yabi ɗaya, ya kushe ɗaya. Ya kawo baƙo ya duba wadda ya kushe. Ya riga shi zuwa wurin mai ba da shaida. Ko a kara, dillalin da ya haɗa duk waɗannan a ciniki ɗaya sai a sara masa.

Amma shi, a faɗarsa, ba mai yanke hukunci da zato ba ne. Akwai gwajin da ake yi wa mai saye in ya cika kushe: a kama igiyar dabbar a ja ta kamar za a kai wa wani, a dubi fuskarsa. Wanda ba ya so ko gezau ba ya yi. Wanda yake so, jikinsa ke tona shi kafin bakinsa.

Da yamma ya tarar da Khalilu a zaure, zaune a tabarma, yana ɗinke maɗaurin takalminsa da basilla.

"Yaya, na yi tunani. Ni fa Jangwada ce ta kwanta mini a rai. Ka tafi da Fijo."

Takalmin ya faɗi. Khalilu ya yunƙuro ya kama hannun rigarsa.

"Kanka ɗaya kuwa? Me za ka yi da ita? Iliya, kada ka yi haka. Don Allah kada ka yi."

"Ai kai ka ce tarkace ce. Nauyi na ɗauke maka."

"Tarkace ce mana! Shi ya sa! Me yaran nan za su ci, taya?"

"To mutumin nan mai tabarau, me ya gani a jikin tarkace?"

Khalilu ya saki rigar. Ya sunkuyar da kai.

"Wannan wata magana ce daban. Ba ta shafe ka ba."

"Haka ne," in ji Iliyasu.

Ya fita zuciyarsa a natse, karo na farko tun ranar Alhamis. Murya ta ɗaga, hannu ya saki takalmi, ido ya sauka ƙasa. Ya ga abin da ya zo gani.

Da safiyar ranar rabo Furera ta tsaya a kansa yana sa hula.

"Malam, ko da zinariya aka yi jar motar nan, kafin ka sami mai saye me zan sa a tukunya?"

"Mai saye yana nan. Da idona na gan shi."

"Ka gan shi ya durƙusa. Ni ma kullum ina durƙusawa a wurin, ƙwai nake nema."

Ya gyara hularsa, ya fita.

Liman ya zo da hantsi, da shaidu biyu. Aka kawo Fijo kusa da rumfa, aka ɗora makullan biyu a kan faifai. Liman ya ce tun da babu wanda ya iya yi wa jar motar ƙima a garin, rabon zai tsaya ne a kan yarda da yafiya. Kowannensu ya ce ya yafe. Al'adar gidan kuwa tun kakanni, in abu biyu ne tsakanin 'yan'uwa biyu, babba ke ajiyewa, ƙarami ya zaɓa, kuma babba ba ya sa baki. Khalilu ya ajiye faifan a tsakiyar tabarma, ya juya shi yadda makullin Fijo zai fuskanci ƙanensa.

"Iliyasu, miƙa hannu," in ji Liman.

Makullin Fijo yana ɗaure da igiyar fata da ta yi baƙi saboda hannun babansu. Iliyasu ya san nauyinsa tun ranar da ya fara koyon tuƙi. Na Jangwada ƙarami ne, da zoben ƙarfe mai tsatsa. Bai tsaya kallon su ba, Khalilu ya kalla. Khalilu yana gumi, leɓunansa na motsi.

Ya ɗauki ƙaramin.

"Liman, a ba shi lokaci ya sake tunani," in ji Khalilu.

"Babba ba ya magana a nan, Khalilu."

"Ba magana nake ba, roƙo nake."

Liman ya juya ga Iliyasu. "Ka ji yayanka. Kana so a ɗaga?"

Iliyasu ya san masu neman a ɗaga ciniki zuwa wata kasuwar. Wata dabarar suke zuwa nemowa.

"Ba na so. Na zaɓa."

"Ka ga wannan, ka ga waccan. Idonka biyu?"

"Idona biyu."

"Ka sallama Fijo ga ɗan'uwanka?"

"Na sallama."

Aka shafa fatiha. Ɗaya daga cikin shaidun ya yi gyaran murya, ya fasa magana. A bayan zana aka ji an yar da taɓarya da ƙarfi.

Khalilu ya ɗauki makullin fatar, ya daɗe yana juya shi a hannu. Bayan azahar ya yi sallama da Inna ya tafi. Iliyasu yana tsaye a ƙofar gida ya ga Fijo ta bi burtalin a hankali, tudun yashin yana wucewa ta ƙarƙashinta bai taɓa ta ba.

Ya kori kaji, ya wanke Jangwada da sabulu, ya goge ta da tsumma har jan ya fito. Ya lulluɓe ta da tabarma. Sannan ya zauna jiran mai tabarau, don ya tabbata mutumin zai zo, ko ya aiko. Kasuwa ta ci, ta sake ci. Gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Maƙwabta suka fara kai taki gona. Furera ta rage awon tuwo. Ta sayar da akuyarta. Ba wanda ya zo.

Sai Iliyasu ya bi sawu. A wurin waɗanda suka yi zaman makoki ya ji sunan mutumin Ɗanladi, ya ji kwatancen wurinsa a bayan gari a Kano. Ya zaci zai tarar da ofis. Fili ya tarar, cike da matattun motoci da tsofaffin gadaje da tukwanen ƙarfe, ga babban sikeli a bakin ƙofa. Ɗanladi ɗan gwangwan ne. Ƙarfe yake saye da nauyi.

"Jar motar nan ta ƙauye? Na tuna," in ji shi, yana goge tabarau da bakin riga. "Khalilu maƙwabcina ne. Cewa ya yi in duba ko nauyinta zai biya masa hayar gida. Na ce masa ba ta da nauyi, kuɗin ɗauko ta daga can zai cinye kuɗinta. Ka san tun kafin babanku ya kwanta aka sallame su daga aiki, su da yawa, wai rage ma'aikata. Bai gaya muku ba? To, ni ma ban faɗa ba."

"Turawa fa? An ce neman irinta suke."

Ɗanladi ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Ka ga Bature a nan? In ka samo shi ka biyo da shi, ni ma ina da kaya."

Shi ma kushewa yake, in ji Iliyasu a ransa. Ya yi sallama, ya juya baya, ya taka a hankali zuwa ƙofa kamar yadda ake yi, kunnensa a baya yana jiran a kira shi. Har ya fita titi ba a kira shi ba.

A tasha, motar da ke kan layin Ɗanbatta Fijo ce mai launin toka. Ɗan kamasho ya riga ya iya ɗaga ƙofar baya ta hagu kafin ya rufe. Khalilu na zaune a gaban sitiyari da koɗaɗɗiyar riga, tawul a wuyansa, rana ta ƙona masa hannun da ke waje. Ya ga ƙanensa, ya sa aka matsa masa a gaba. Uku a gaba, huɗu a baya, buhu a but. A Ɗanbatta fasinjoji suka sauka. Khalilu bai kashe mota ba, ya ɗauki hanyar Tudun Marke.

"Ɗanladi ya gaya maka."

"Ya gaya mini."

"Ban so Inna ta ji ba. Ga ciwon Baba a lokacin." Ya sauya giya, suka shiga burtali. "Iliya, tuƙin nan ba nawa ba ne. Bayana ya ƙage, ban kuma iya faɗa da 'yan kamasho ba. Mu yi karɓa-karɓa. Mako ɗaya ni, mako ɗaya kai. Kowa ya ci abin da ya samu."

"A kan me?"

"A kan me kamar yaya?"

"Me zan ba ka?"

"Ba komai."

"Jangwada fa?"

"Ka riƙe abarka. Me zan yi da ita?"

Iliyasu ya zuba wa hanya ido. Gida ɗaya suka tashi da Khalilu. Babu wanda ya fi Khalilu sanin yadda dillali ke jin yabo. Duk mai son dillali ya bar dabba, ba sai ya yi ƙarya ba, gaskiyarta kawai zai faɗa da ƙarfi. Ga mutum ba aiki, ga hayar gida, wa ya fi shi bukatar Fijo? Ya yaba, ya roƙa, ya yi gumi a gaban Liman, a ƙarshe kuma ga makullin a hannunsa. Yanzu ga wani tayin, shi ma ba farashi. Ga kuma kushen Jangwada, har yau bai bari ba.

"Zan yi shawara, Yaya."

Su duka biyun sun san abin da wannan ke nufi a bakin ɗan kasuwa. Khalilu ya dube shi, ya mai da ido kan hanya. A ƙofar gida ya buɗe but, ya sauke buhun gero ya jingine a zaure. "Na Furera ne," in ji shi. Ya shiga ya gai da Inna, ya fito, ya juya mota ya tafi neman fasinjan yamma.

Furera ta leƙo.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ki."

Ta tsaya tana kallonsa. Iliyasu ya kwance bakin buhun, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya ɗebo daga can ƙasa. Ya baza a tafin hannu a bakin haske. Gero ne tsabarsa, ba ƙaiƙayi, ba yashi. Ya zuba, ya sake zura hannu ta ɗaya gefen.

Furera ta koma ciki ta ɗauko ƙwarya, ta dawo ta tsaya a kansa.

"In ka gama binciken, Malam, ka matsa in ɗiba. Yara ba su ci ba."